Wai da gaske ƙasa za ta girgiza a Kaduna?

Maman Iman (Unguwar Dosa): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah wa ya ji saƙon muryar nan da ke ta yawo tun jiya? Wani mutum ne yake cewa wai masana a Turai sun hango babbar girgizar ƙasa a arewacin Najeriya kafin ƙarshen wata, har da Kaduna da Abuja, wai kowa ya daina kwana a ɗaki. An haɗo shi da bidiyon benaye suna zubewa. 'Yata ta gani a wayata, daren jiya ƙin barci ta yi, ko babur ya wuce sai ta zabura. Ni kaina gabana faɗuwa yake. Masu ilimin abin ku taimaka mana.

Sadiq Rigasa: Anti mu nan duk lokacin da jirgi ya taso sai tagogi sun amsa, mun riga mun saba. In ta zo ma cewa za mu yi jirgin Abuja ne ya makara.

Admin: Sadiq ba lokacin wasa ba ne. Kuma don Allah kada kowa ya turo saƙon nan cikin zauren, duk wanda ya turo zan goge.

Malam Nura: Wa alaikumus salam. Maman Iman kwantar da hankalinki. Fannin da na karanta ke nan a Samaru, ilimin ƙasa da duwatsu. Har yau babu wani mutum ko wata na'ura a duniya da ke iya faɗin rana da wuri da girman girgizar ƙasa kafin ta auku. Japan da Amurka ma ba su kai nan ba. Iyakar abin da ake iyawa shi ne a ce yanki kaza yana cikin haɗari nan da shekaru 30 ko 50, ko kuma idan ta riga ta fara, na'ura ta tura gargaɗi zuwa wayoyin mutanen da ke ɗan nesa kafin motsin ya iso gare su. Wannan ma daƙiƙu ne, ba makonni ba. Duk wanda ya ce miki "kafin ƙarshen wata" shaci-faɗi yake yi. Ki nemi a gaya miki sunan masanin da jami'ar da yake, za ki ji shiru.

Abdul (Istanbul): Na ga bidiyon, wata ƙanwar mamana ta turo min daga Badarawa tana tambaya ko ina lafiya. Na Turkiyya ne, na ranar 6 ga Fabrairun 2023. Tsoho ne kawai aka ɗora masa sabuwar murya.

Danladi (Sabon Tasha): Ina gaisuwa. Na yarda saƙon ƙarya ne, amma Malam Nura kada a ce wa mutane ƙasa ba ta motsi a jihar nan. Ni ɗan Kwoi ne, ƙaramar hukumar Jaba. A watan Satumban 2016 ina gida na kai wa tsohuwarmu ziyara. Ranar Lahadi ce, 11 ga wata, washegari ku kuna Babbar Sallah. Ƙara muka fara ji kamar tsawa, amma ba daga sama ba, daga ƙarƙashin ƙafa. Kwanuka suka yi ta kaɗawa, kaji da awaki suka rikice. Ta lafa, ta sake dawowa, har cikin dare. Mutanen Nok da Sambang ma sun ji. A waje muka kwana, tsofaffi da jarirai, ga damina ga sauro. Wasu suka kwashi yara suka nufi Kafanchan, wasu Abuja. Bangaye sun tsage a wasu gidaje. Ba mu rasa kowa ba, mun gode Allah, amma tsohuwarmu ta daɗe ba ta rufe ƙofa in za ta kwanta.

Malam Nura: Gaskiyarka ɗan'uwa, ban kuma ce ba ta motsi ba. Na Kwoi yana cikin tarihi, ma'aikatan cibiyar da ke Toro a jihar Bauchi, wadda ke sa ido kan motsin ƙasa a ƙarƙashin hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, sun je sun duba. An yi a Ijebu-Ode a 1984, an yi a Saki ta jihar Oyo a 2016, an yi a Mpape ta Abuja a Satumban 2018, ta sake taɓa Mpape ɗin a 2024. Amma duk waɗannan ƙanana ne. A ma'aunin ƙarfin girgizar ƙasa, na Kwoi wajen maki 3 ne, ta Turkiyya kuwa 7.8. Mutum zai ɗauka ai ninki biyu da 'yan kai ne kawai, alhali ma'aunin ba haka yake tafiya ba. Duk ƙarin maki ɗaya, ƙarfin da ya fita yana ninkawa kusan sau 32. Daga 3 zuwa 7.8 maganar ninki miliyoyi ake yi.

Dalilin bambancin kuwa shi ne, ɓawon duniya ba dunƙule yake ba, manyan faranti ne da ke tafiya a hankali, santimita kaɗan a shekara. Inda bakin wani ya haɗu da na wani, nan suke cijewa shekara da shekaru, ranar da suka kufce sai ƙasa ta girgiza. Turkiyya, Iran, Japan, Indunusiya, Chile, duk a irin wannan gaɓa suke zaune. Mu kuma Allah ya ajiye mu a tsakiyar farantin Afirka, kan tsohon dutse. Gaɓar da ta fi kusa da mu tana can tsakiyar tekun Atlantika, sai ta arewacin Afirka, sai tsagin da ya ratsa gabashin Afirka ta Habasha da Kenya da Tanzaniya. Abin da muke da shi tsofaffin tsage-tsage ne a cikin dutsen, irin wanda ya taso daga Ifewara ya bi ta Zungeru, da na Kalangai wajen Birnin Gwari. Su ne kan ɗan motsa jefi-jefi.

Alhaji Garba Kawo: Malam Nura duk mun ji turancinka. Amma boko ba ta tare ikon Allah. Wanda ya shimfiɗa ƙasar in ya ce ta girgiza a Kawo yau, farantinka ba zai hana ba. Ku duba irin ɓarnar da ake yi a garin nan, zina da caca da cin amana, 'yan mata suna rawa a TikTok. Gargaɗi ne ake mana. Maimakon a ce mutane su tuba, ana ce musu su kwanta su yi barci.

Sadiq Rigasa: Baba Alhaji to in don TikTok ne ai da ba ta kan Kwoi za a fara ba.

Admin: Sadiq wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Danladi (Sabon Tasha): Ƙyale shi Admin, ni ma dariya na yi. Baba Alhaji, mu ma a lokacin abin da fastocinmu suka ce ke nan, a tuba. An yi azumi, an yi addu'a a coci-coci. Ba laifi ba ne. Amma akwai masu cewa wani dodo ne a cikin dutse ya fusata, akwai masu ɗora wa wata tsohuwa maita. Wannan ne ban so ba.

Malam Auwal (Tudun Wada): Alhaji Allah ya ƙara girma. Maganarka akwai gaskiya a ciki, babu abin da ke motsi sai da izinin Allah, kuma girgizar ƙasa aya ce da ya kamata ta sa bawa ya tuna ranar da Suratuz Zalzala take ba da labari. Tuba kuwa ba sai an ji ƙasa ta motsa ba. Inda zan ja hankali shi ne mu yi hattara da yanke hukunci cewa duk wanda abin ya faɗa wa mai laifi ne. Ƙauyukan dutsen Atlas na Maroko da suka rushe a 2023, cike suke da mahaddata da masallatai. Mutanen Siriya da suka gudo daga yaƙi gini ya danne su a Turkiyya, wane zunubi za mu ce sun fi mu? Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda gini ya rufta wa yana cikin shahidai. Sanin yadda Allah ya tsara ƙasa kuma bai ci karo da imani ba. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi? Ya ce na'am, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sannan yaɗa labarin da ba ka tabbatar ba, ka firgita mata da yara, shi kansa laifi ne.

Alhaji Garba Kawo: Allah gafarta Malam, na ji. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa a yawaita istigfari.

Malam Auwal (Tudun Wada): Wannan babu mai ja da kai Alhaji.

Hajiya Turai (Malali): To ni tambayata daban. An ce yawan haƙa rijiyar burtsatse ne ke jawo abin. A layinmu kusan kowane gida da tasa, tunda ruwan famfo sai a labari. Ƙarƙashinmu bai zama rami ba kuwa?

Malam Nura: Hajiya bayan abin Mpape na 2018 hukumomin Abuja sun dakatar da fasa dutse da nakiya da haƙa burtsatse a yankin na wani lokaci, daga nan maganar ta bazu. Masana ba su haɗu a kan murya ɗaya ba. Ni ra'ayina, burtsatsen gida mita 40 ne zuwa 100 da wani abu, kuma ruwan daga tsagar dutse yake tsattsafowa, ba wani tafki ake kwashewa a bar kogo ba. Girgizar ƙasa ta gaske kilomitoci ne a ƙasa take tasowa. Illar yawan burtsatse da na fi tsoro ita ce ruwa ya yi ƙasa, rijiyoyin talakawa su ƙafe, da kuma wadda ake haƙawa dab da masai. Nakiyar masu fasa dutse kuwa tabbas tana kaɗa gidajen da ke kusa har bango ya tsage, amma wannan wani abu ne daban.

Abdul (Istanbul): Malam ina da ɗan gyara, ka yi haƙuri. Ka ce muna tsakiyar faranti, haka ne, amma kada mutane su ji kamar an ba su takardar shaida. Ƙasar Gini ma a Afirka ta Yamma take, nesa da gaɓa, amma a Disambar 1983 an yi mai maki 6 da 'yan kai ta kashe ɗaruruwan mutane. Akra ta sha tata a 1939, har a Legas da Ibadan an ji ta.

Malam Nura: Ba gyara ba ne, cikawa ce, na gode. Haɗarin ƙarami ne ƙwarai, amma ba sifili ba ne. In za a jera abubuwan da ke kashe mutanen Kaduna, hanyar Zariya da ta Abuja, zazzaɓin cizon sauro, gobarar gas, ambaliyar da ke cin Kigo Road da Rafin Guza duk damina mai ƙarfi, to girgizar ƙasa ba ta ma shiga layi ba.

Maman Iman (Unguwar Dosa): Abdul to ku da kuke zaune a kanta, yaya kuke barci? Ni da ni ce mahaifiyarka da tuni na ce ka tattaro ka dawo.

Abdul (Istanbul): Anti ai ta faɗa, ba sau ɗaya ba. Gaskiya a nan kowa ya san ana jiran babba. Tsagin ya bi ta ƙarƙashin tekun Marmara, dab da birnin, kuma ba su manta ta Izmit ta 1999 ba, wadda ta kashe sama da mutum 17,000. Ta 2023 kuwa ta zo da asuba, ƙarfe 4:17, mutane na barci cikin sanyi, bayan awa tara wata mai maki 7.5 ta biyo baya. Sama da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai, ban da Siriya. Christian Atsu ɗan ƙwallon Gana a nan ya rasu, a Hatay.

Yadda suke rayuwa da abin kala-kala ne. Akwai waɗanda ba sa son a ɗauko zancen ma, su ce ƙaddara ce, su ci gaba da shan shayinsu. Akwai waɗanda tsoron ya zame musu ciwo, idonsu kullum kan fitilar da ke rataye a silin ko ta motsa. Maƙwabciyarmu tsohuwa da kayan fita take kwana, wai kada a tono ta ba lulluɓi. Waɗanda na ga sun fi natsuwa su ne masu ɗan shiri. Jaka a bakin ƙofa da ruwa, tocila, magani, kwafin takardu, da usur na busawa in an maƙale. An ɗaure kabad a bango da ƙusa. Iyali sun san filin da za su haɗu in waya ta ɗauke. Kafin mutum ya kama haya tambayar farko ita ce, an gina gidan kafin 1999 ko bayanta? Domin bayan nan aka ƙara matsa dokar gini, aka kuma wajabta inshorar girgizar ƙasa.

Abin da na gani da idona shi ne na Afrilun 2025, mai maki 6.2. Birnin bai rushe ba, amma sama da mutum 150 suka ji rauni saboda dirowa daga tagogi da baranda. Ba gini ne ya karya su ba, firgici ne.

Anti Hauwa Nas: Abdul ka taɓo inda nake jira. Mu a ƙasar nan mun ga aikin firgici. Fashewar ma'ajiyar makamai ta barikin Ikeja, 27 ga Janairun 2002, sama da mutum 1,000 suka mutu, akasarinsu ba wuta ce ta ci su ba, gudu suka yi cikin duhu suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa. A Alkahira a 1992 da ƙasa ta girgiza, ɗalibai da dama turmutsutsu ne ya kashe su a matakalar makaranta. Kun kuma tuna daren Ebola na 2014 da aka tashe mu a waya a ce a yi wanka da ruwan gishiri a sha? Masu hawan jini suka ɗirka, muka kwana karɓar su a asibiti. Shi ma saƙo ne irin wannan, "ka tura wa duk wanda kake ƙauna".

Maman Iman, batun 'yarki. Mutumin Kaduna jikinsa ya riga ya koyi zabura. Wanda ya ga rikicin 2000, ya ga na 2011, ya ji ƙarar bam, ya ji labarin harin jirgin ƙasa na Maris 2022, ko tayar mota ta fashe sai zuciyarsa ta buga. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Yara kuma ba labari suke karantawa ba, fuskar uwa suke karantawa. Da farko ki goge bidiyon, ke ma ki daina kallo, don duk kallo ɗaya jiki ɗauka yake yanzu abin ke faruwa. Kada ki ce mata "rufe min baki, babu komai", ba za ta yarda ba tunda ta gani. Ki tambaye ta me ta gani, me take tsoro, ki gaya mata wata ƙasa ce mai nisa kuma an daɗe da yi. Ki bar ta ta kwana kusa da ke 'yan kwanaki, ku yi addu'ar barci tare, makaranta da wasa kada a fasa. In aka yi makonni ba ta barci, ko ta koma fitsarin kwance, ko ta daina cin abinci, a kai ta a ga likita. Ga asibitin ƙwaƙwalwa nan na tarayya a Barnawa, ba sai wanda ya yi hauka tuburan ake kaiwa ba, masu damuwa da fargaba ma suna zuwa.

Maman Iman (Unguwar Dosa): Allah ya saka da alheri Anti. Na goge yanzu.

Injiniya Bilkisu: Sai yanzu na sauka daga wurin aiki na karanta daga sama. Ni abin da ke ba ni mamaki, muna tsoron ƙasar da ba ta motsa ba, alhali gine-ginenmu suna zubewa ba tare da ta motsa ba. Bene mai hawa 21 a Ikoyi, Nuwambar 2021, sama da mutum 40. Makaranta a Jos, Yulin 2024, yara na cikin aji, 22 suka rasu. Wace girgiza aka yi a ranakun nan?

Ku dubi 2010. A Janairu aka yi mai maki 7.0 a Haiti, mutanen da suka mutu, a cewar galibin masu ƙiyasi, sun haura 100,000. A Fabrairu aka yi mai maki 8.8 a Chile, ƙarfinta ya ninka ta Haiti wajen sau 500, waɗanda suka rasu 500 da 'yan kai ne. Chile ta sha wuya a baya ta kafa dokar gini kuma ana binta. A Haiti kowa ya samu bulo da ɗan rodi sai ya ɗora. Na kalli hotunan gidajen Haiti kafin su faɗi, wallahi kamar a Hayin Rigasa ko Kinkinau aka ɗauka. Wannan ne ke hana ni barci, ba saƙon murya ba. In mai maki 5 da rabi kawai ta zo ƙarƙashin garin nan, wadda a Japan ko shayi ba za a ajiye ba, mu sai dai Allah ya kyauta.

Abin da nake gani kullum: an yi harsashin gidan ƙasa, bayan shekaru kuɗi sun zo an ɗora hawa biyu. An rubuta rodi mai kaurin milimita 16 a zane, an sa mai 12. Zoben da ke ɗaure rodin ginshiƙi an ware shi nesa-nesa don a rage kuɗi. An zuba dakin, wato kankaren rufin bene, ba a ba shi ruwa ba, an cire katako bai ƙosa ba, alhali kankare kwana 28 yake ɗauka kafin ya kai ƙarfinsa. Sai babbar masifar, a fasa bangon ƙasa ko a sare ginshiƙi don a fitar da shago, sama kuma cike da iyali. A Turkiyya irin waɗannan benayen ne suka durƙusa tun farko.

Oga Isa Birkila: Injiniya ranki ya daɗe, duk abin da kika faɗa haka yake, amma kada a ɗora mana mu kaɗai. Mai gida ne zai kawo siminti buhu 10 ya ce aikin buhu 20 yake so. In ka ce ba zai yiwu ba ya kira wani yaron da bai gama koyo ba. Masu buga bulo ma, buhun da bai kamata ya wuce bulo 30 da 'yan kai ba sai a fitar da 50 ko 60. Ka ɗaga shi da hannu ɗaya ya ruguje. Kowa na son araha, kuma kin san kuɗin siminti yanzu.

Injiniya Bilkisu: Na sani Oga Isa, ban ware kowa ba, har da mu masu sa hannu a zanen da ba mu je mun ga aikin ba.

Alhaji Garba Kawo: Shi ya sa nake cewa ginin iyayenmu na ƙasa ya fi. Gidanmu na Zariya ya haura shekara 100 yana tsaye.

Injiniya Bilkisu: Baba a wajen sanyi da daɗewa ban ja ba, in ana yaɓe duk shekara. Amma a wajen girgiza ginin ƙasa mai nauyin soro shi ne ya fi haɗari, domin ba ya lanƙwasa, farfashewa yake ya zubo gaba ɗaya, ƙurar ma kaɗai ta isa ta toshe numfashi. Birnin Bam na Iran a 2003, maki 6.6 ne kawai, amma sama da mutum 26,000 suka tafi, galibin gidajen na tubalin ƙasa ne. Na Maroko ma kusan 3,000, mafi yawa a ƙauyukan ginin ƙasa da dutse. Ɗakin da rufinsa kwano ne mara nauyi ya fi sauƙin tsira.

Sadiq Rigasa: To yau dai talaka ya ci riba, mu masu kwano.

Danladi (Sabon Tasha): Injiniya in ta zo ɗin, me mutum zai yi? Mu a Kwoi kowa waje ya yi da gudu.

Injiniya Bilkisu: Ya danganta da inda kake. In a bene kake, kada ka nufi matakala ana cikin motsi, kada ka diro. Durƙusa, shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, kare kanka da wuyanka, ka riƙe ƙafar teburin har ta tsaya, sannan ka sauka a natse. In ɗakin ƙasa ne kuma ƙofa na kusa, tsakar gida na da faɗi, fita ya fi. Amma a nisanci katanga, don katangunmu dogaye ne ba ginshiƙi, su ke fara kwantawa. A nisanci tankin ruwan da ke kan ƙarfe da wayoyin wuta. In ta lafa a kashe gas, kada a kunna ashana, kuma a sa ran za ta iya maimaitawa.

Malam Auwal (Tudun Wada): Wannan magana ta tsaya min a rai. Islamiyyarmu bene ce, yara sun fi 300 da yamma, matakala ɗaya ce siririya, ƙofar waje kuma muna sa mata kwaɗo saboda masu sulalewa. Ko ba girgiza, wani ya yi ihun gobara kawai, ban san abin da zai faru ba.

Abdul (Istanbul): Allah gafarta Malam, a Japan duk 1 ga Satumba ranar atisaye ce a ƙasar baki ɗaya, don tunawa da ta 1923 da ta kashe sama da 100,000 a Tokyo da kewaye. Yaran firamare ma sun san layin da za su bi. Ku gwada ko sau ɗaya a zango, aji-aji, ba gudu.

Anti Hauwa Nas: Amma a sanar da iyaye da maƙwabta tukuna. In aka ga yara 300 sun fito titi a Tudun Wada ba sanarwa, kafin magariba an ce rikici ya ɓarke.

Hajiya Turai (Malali): Injiniya ni kin sa jikina ya yi sanyi. Gidan hayata na Unguwar Rimi tun farko ba bene ba ne, daga baya muka ɗora sama, bara kuma aka fitar da shago biyu ta gaba. Akwai wata tsaga a bango ta kwana, mai fenti ya ce ba komai ya shafe ta, ta sake fitowa.

Injiniya Bilkisu: Hajiya tsagar da aka shafe ta dawo ba ta fenti ba ce. A miƙe take ko a karkace? Tsinken ashana yana shiga? Ƙofofin sama suna cijewa wajen rufewa? Sannan lokacin da aka ɗora saman, an kai zane hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, ko kuwa birkila ne kawai ya ce zai ɗauka?

Hajiya Turai (Malali): A karkace take, daga kusurwar taga ta yi sama. Maganar zane kuwa marigayi ne ya yi komai, sai na duba takardu.

Injiniya Bilkisu: Turo min hoto ta akwati, na tsagar da na cikin shagunan. Asabar da safe zan iya biyowa in gani. Kafin nan a sauke tankin da ke sama in akwai, kuma kada a ƙara taɓa bangon ƙasa.

Oga Isa Birkila: Hajiya in aka ce a ƙara ginshiƙi ki daure ki sayi rodin da aka rubuta. Kada a zo ana ce min a yi maneji.

Malam Auwal (Tudun Wada): Injiniya in kin gama da Hajiya ko za ki leƙo mu? Ina so a ga ko za a iya fitar da matakala ta biyu ta baya. Kuɗi ne dai babu, asusun makaranta ko albashin malamai bai kai ba.

Alhaji Garba Kawo: Malam a yi lissafin ƙofar da matakalar a turo min. Ba wai na yarda da maganar farantin Malam Nura ba ne, jikokina uku ne a makarantar.

Injiniya Bilkisu: To Baba. Malam zan zo bayan azahar, a nemo min wanda ya yi ginin in yana raye, da tsani.